Yadda Munka Sa Manja a Ciyayyar Maza

Ku matso kusa, ku tanƙwashe ƙafafu, ku ara mani kunnuwanku. Ga ta nan tahe gare ku, amma ku sani wagga ba tatsuniya ba ce. A ƙofar gidanmu anka yi ta, ni kuwa ina tsaye bayan zana ina ji.

Can cikin shekarun da anka yanke muna jiharmu daga Sakkwato, muna zaune a ƙauyenmu na wajen Sabiyal, ƙasar Aliero. Kowa ya san abin da muke ci da shi, albasa ce. Da damina a yi gero da dawa, ruwa na ɗaukewa a gangara fadama. Maigidana, wanda bakina bai taɓa kama sunanshi ba, kuma ba yau zan fara ba, shina da fadama guda da ya gada ga ubanshi. Ban ce ya fi son ta da ni ba. Amma ni dai bai taɓa sammako ya zo ya duba ko na sha ruwa ba.

A unguwarmu maza ba su cin tuwon dare cikin gida, ciyayya suke yi. In an fito sallar magariba, kowane gida ya fitar da akushinshi, a jera bisa tabarma gindin dogon yaro. Su buɗe ɗaya su ci tare, sannan su jawo na gaba. Abin da ya saura ya koma cikin gida ga yara. Kuma akwai ƙa'ida tun ta kakanni: ba a ci a bar mutum guda ya tashi bai sa komi bakinshi ba. In ɗaya ya rasa abin da zai iya ci, to duka a haƙura. Su huɗu ne a tabarmar: maigidana, da wanzami, da mahauci, da wani tela mai yawan dariya.

Wata damina ciwon shawara ya kama maigidana. Idanu sunka yi ɗorawa, jiki ya saki. Wanzami ya zo ya ba shi saiwoyi ya jiƙa, ya kuma kafa mashi doka: ba mai, ba nama, ba ƙwai, ba nono, duk abin da ke da maiƙo ya yi nisa da shi. Allah ya ba shi lahiya. Amma shi mutum ne da in ya riƙe magana, to ya riƙe ke nan. Damina ta zagayo, ta sake zagayowa, shina nan bisa doka. Tuwon dawa da miyar kuka tsura, ruwa da gishiri da ɗan daddawa. Hura kuwa da ruwan tsamiya nake dama mashi. Ganye dama can bai ci, ya ce zogala da rama abin mata ne da awaki. Mangwaro in ya nuna, ya ce abin yara ne.

Abokan ciyayya kuma sunka tsaya mashi tsayin daka. Duk akushin da anka buɗe anka ga maiƙo na ƙyalli bisa, sai a janye shi daga gabanshi, a ce, "Malam, wanga ba naka ba ne." Ya naɗe hannu ya jira nawa. Da alheri suke yi, Allah shi ne shaida.

Sannu a hankali na fara lura da wasu abubuwa. Mutumin da bai barin fadama sai duhu ya kore shi, sai ga shi gida rana ba ta faɗi ba. Ya ce sauro ya yi yawa. Wata rana da ya makara, ya shigo da riga jiƙe har ƙirji, ya ce wai kwatar ruwa ce ta canza wuri. Wani maraice kuma, da idona na gan shi ya tsaya gaban rudu, rumfar kara da muke ajiye albasa, ya rusuna ya ce, "Liman, an wuni lahiya?" Ya jira amsa. Da bai ji ba, ya ce, "To, Allah shi huci zuciyarka," ya wuce. Na kama bakina da gefen zane. Na yi dariya, ban ɓoye maku ba, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Labari ya kai kunnen ɗanmu na fari, wanda ya samu aikin tuƙi a Birnin Kebbi da anka buɗe sababbin ofisoshi. Ya zo ya zauna gaban ubanshi, kai a ƙasa, ya ce, "Baba, girma ya zo. Ido in ya fara tahiya ba ya dawowa. Rijiyoyin fadama ba su da murfi, wata rana sai mu ji mugun labari. In lokacin dashe ya yi, a ba wani aron fadamar ya noma, kai ka zauna gida ka huta."

Yaron bai faɗi don mugunta ba. Uban ya ce, "Na ji." Ya tashi ya shiga ɗaki ya ɗauko ƙoshiyar irin albasarshi, ya yi ta jujjuya ta a hannu. Ni na san in anka raba shi da fadamar nan, ba hutu anka ba shi ba, kwanciya ce. Ga iri har an zuba, dashe na matsowa.

Na yi shiri na tahi Jega wurin ɗiyata da ke aure a Sabon Gari, don dai in samu wanda zan faɗa wa. A gidan akwai wata mai haya, 'yar ƙasar Zuru, Kirista, tana aiki a asibitin gwamnati. Sista kowa ke ce mata. Ta dawo aiki ta iske ni ina ba ɗiyata labari, ta aje jakarta ta jawo kujera 'yar tsugune.

Ta ce, "Mama, da rana yana gani?"

Na ce, "Da rana? Ko ƙwayar irin albasa ta faɗi cikin rairayi sai ya tsince ta."

"Sai in rana ta faɗi?"

"Rana na faɗuwa, kamar an kife mashi ƙwarya."

Ta ce, "Wannan ya yi kama da dundumi."

Na ce mun san dundumi, amma ga mata masu ciki muke ganin shi, ban taɓa jin ya kama mai gemu ba. Ta yi dariya har da tafa cinya, ta ce, "Ba ruwanshi da gemu, Mama. Faɗa mani, me yake ci?"

Na faɗa mata. Ba ta daɗe tana saurare ba, don lissafin gajere ne. Sai ta ce wa ɗiyata ta ba ta faifai uku, ta shiga madafa tana ɗebo abubuwa. A faifan farko ta zuba gero da dawa da shinkafa, ta aza gutsuren rogo. Ta ce waɗanga su ke ba jiki ƙarfin aiki. A na biyu ta sa wake da ƙuli da busasshen kifi da ƙwai guda, ta ce a ƙara da nama da nono, su ke gina tsoka, su gyara abin da aiki ya cinye. A na uku ta aza ganyen zogala da tumatur da yankin kabushi, wato kabewa, da wata gwanda da ta nuna. Ta ce waɗanga ba su cika ciki sosai, amma su ke tsaron ido da fata da jini, su tare ciwo tun daga nesa.

Na duba, na duba, na ce, "To, na gane. Wanga manomi ne, wanga magini, wanga kuma mai gadi."

Ta ce, "Haka ne! Shi kuwa Baba manomi kaɗai ya bari a gidan, ya sallami sauran."

Sannan ta ɗauko kwalbar manja ta aje tsakiya. Ta ce abin da ido ke nema don gani da duhu yana cikin ganye mai kore sosai, da kabushi, da mangwaro, da gwanda, da ƙwai, da nono, ya kuma fi yawa cikin hanta da manja. Amma wanda ke cikin ganye bai shiga jiki da kyau sai da ɗan maiƙo. Na ce ashe shi maiƙo jaki ne, shi ke ɗaukar kayan mai gadi ya kai. Ta ce in riƙe shi haka. Ta ce shawara ta daɗe da wucewa, hana shi abinci yanzu ba magani ba ne. Hanta kaɗan ta isa, ba kullum ba. Ta kuma ja kunnena a kai shi a duba, don ba kowane duhun ido ne dundumi ba.

Na koma gida da zuciya fara. Maganar asibiti, ya ce ba inda za shi. Na ce to, tukunya dai tawa ce. Na aika anka karɓo hanta wurin mahauci, na yi miyar kabushi da manja, ja wur, na zuba bisa tuwo na fitar. Na laɓe bayan zana.

Ana buɗewa na ji muryar wanzami: "Subhanallahi! Wa ke son kashe muna Malam?" Ya janye akushin daga gaban maigidana. Su uku sunka share shi tas, har ina jin ana suɗe yatsu. Maigidana ya ci tuwon gidan tela da miya tsura.

Da ya shigo na ce, "Malam, ko cikin ɗaki ne ka ci mana, ba mai gani."

Ya ce, "Allah na gani. Wanda ya ba ni magani shi ya kafa doka, shi ka ɗage ta."

To, matar wanzami taubashiyata ce, ɗiyar kawuna. Tun muna 'yan mata ba mu haɗuwa ba a yi tsiya ba. Da safe sai ga ta ta faɗo gidan ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Ke marowaciya, ashe kin iya miya kike ɓoyewa? Mijina ya dawo jiya gemu ja, na ce wa ya sa maka lalle?"

Na ce, "Ke dai kin auri kwaɗayi. Maganin mijina ya cinye."

Na zaunar da ita na faɗa mata komi, har faifai uku na jera mata. Na ce ta roƙi mijinta ya ɗage dokar.

Ta ce, "Ni? In na roƙe shi sai ya ƙara mata shekara. Wanga mutum ko kunnen wani ya yanke wurin aski, cewa zai yi kunnen ne ya motsa." Ta ɗan kaɗa ƙafa. Can ta ce, "Amma fa bai iya kwana da yunwa. Tun da nake da shi ban taɓa gani ba. Ke, in babu akushi ko guda da mijinki zai iya ci fa?"

Munka dubi juna. Ta ɗauki mayafi ta nufi gidan mahauci, ni na nufi gidan tela. Ba wadda ta yi gardama. Matar tela ma cewa ta yi ta gaji da yin miya kamar ruwan wanki saboda mijin wata.

Ranar da munka sa, tun la'asar unguwa ta ɗauki ƙamshi. Anka fito magariba, akusa sunka fita, mu huɗu munka jeru bayan zana kamar kaji.

Anka buɗe nawa. Miyar kabushi da hanta, ja. Wanzami ya ce, "Ta sake! Malam, wanga ba naka ba ne." Anka aje gefe.

Anka buɗe na mahauci. Miyar zogala da gujjiya da nama, manja na yawo bisa. Anka aje gefe.

Anka buɗe na tela. Wake da shinkafa da kifi, an kwarara manja har ya gangaro. Tela ya fara ƙyaƙyata, ya ce, "Jama'a, yau mata sun yi taro."

Wanzami ya ce, "Ku kwantar da hankalinku, gidana ba a wasa da doka." Ya jawo nashi da kanshi ya ɗaga murfi. Taubashiyata ta matse mani hannu har na ji zafi. Nata ya fi na kowa ja.

Maigidana ya ce, "Ku ci abinku, ni na ƙoshi."

Mahauci ya ce, "A'a, ba a taɓa yi ba, ba kuma a kanmu za a fara ba. A mayar da su cikin gida, mu kwana haka. Yara sun samu."

Na ji an fara rufe murafe. Ƙamshi kuwa ya cika gindin itacen. Sai wanzami ya yi gyaran murya.

"Ku dakata tukuna. Malam, wai yaushe ne ma ka yi shawarar nan?"

"Wagga damina da ta wuce ita ce ta uku."

"Ta uku! Kuma har yau kana bisa doka? Haba Malam! Ai ta shekara guda ce."

"Ba ka faɗa ba."

"Ba ka tambaya ba."

Tela ya ce, "To ranar nan wa ya janye akushi yana salati?"

Wanzami ya ce, "Ranar ban yi lissafi ba. Kai kuma ɗinkinka aka tambaye ka? Malam, na ɗage. Sa hannu, bismillah, kada ya huce."

Ba mu ƙara jin magana ba sai motsin hannuwa. Can na ji maigidana ya ce a hankali, "Wagga mai kabushi ta gidan wa ce?" Mahauci ya ce, "Ta gidanka ce." Ya ce, "Ashe." Iyakar yabon da na samu ke nan, ya kuwa ishe ni.

Ba mu tsaya nan ba. Munka raba aiki tsakaninmu, yadda kowane dare sai manomi da magini da mai gadi sun hallara bisa tabarmar nan. In wannan ta yi wake, waccan ta yi ganye. Ba kullum ake samun nama ba, mu ba masu hali ba ne, amma ƙuli da wake ba su yanke muna ba, zogala kuwa ga ta a bayan kowane ɗaki. Mahauci in ya dawo da dabba daga kasuwar Maiyama, ya kan ware 'yar hanta. Na koma dama hura da nono. Da munka fitar da ɗatun zogala, ganye dafaffe da ƙuli da albasa da ɗan mai, maza sunka yi ta gunaguni wai an mayar da su awaki. Akushin dai wanke ya dawo.

Abin da ba mu zata ba, yara da ke cin saura su ma sunka canza. Masu tsagewar gefen baki sunka warke. Taubashiyata da ke yawan jiri in ta tashi daga daka, ta ce ya ragu, amma wai ba don miyata ba.

Shi kuwa ban tambaye shi ba, bai faɗa mani ba. Na dai ga ya fara ƙara jimawa a fadama.

Dashe ya zo. Ɗanmu ya iso da la'asar, har da mutumin da za a ba aron fadamar. Uban ya ce a yi salla tukuna. Ranar kuwa ana duban tsayuwar wata. Da anka fito sallar magariba maza sunka tsaya a fili suna duban yamma, mu muna leƙe ta bisa zana. Haske ya ja, duhu na sauka. Kowa ya ɗaga kai, ba wanda ya ga komi.

Sai maigidana ya miƙa hannu ya ce, "Ga shi can."

Ɗan ya ce, "Baba, mu tahi gida."

"Bisa giginyar can ta hagu, kaɗan. Siriri ne, ya kwanta."

Anka ƙura ido ana dubawa. Tela ya fara cewa, "Wallahi ga shi!" Sai kowa ya gani, anka ɗauki addu'a. Da anka shafa, maigidana ya juya ya kama hanyar gida shi ke gaba, ba sanda, ba mai riƙe shi. Ya tsallake turken jaki, ya kauce wa turmin da wata ta bari a hanya, har ya waiwaya ya ce wa baƙon, "Yi hankali, akwai rami nan."

Baƙon ya ci tuwo tare da su, ya yi sallama ya koma garinsu. Ba wanda ya ta da maganar aro. Da safe yaron ya tuɓe takalmin aiki, ya naɗe wando, ya bi ubanshi fadama sunka yi dashe tare kafin ya koma Birni.

Da albasa ta yi, maigidana da kanshi ya cika kwando ya kai wa Sista a Jega. Ya ce gaisuwa ya tahi yi, ba asibiti ba. Ita kuwa ba ta bar shi ya fito ba sai da anka duba idon. Anka ce lahiya lau, ya ci gaba da abin da yake ci.

To, ga yadda kowa ya ƙare. Maigidana ya noma fadamarshi shekaru masu yawa bayan nan, sai da gwiwa ta gaza, ba ido ba, sannan ya miƙa ta da hannunshi. Ya rasu a ɗakinshi cikin jama'arshi, Allah shi jiƙan shi. Ɗanmu na fari ya yi tuƙi har ya gaji, yau shi ke noman ta. Ɗiyata tana nan Jega, ta aurar da 'ya'ya. Sista anka yi mata canjin wurin aiki, ta zo har ƙauye ta yi muna bankwana, na ji daga baya ta koma ƙasarsu ta tsufa cikin jikoki. Mahauci ya samu zuwa Makka. Tela idonshi ya gaji da zare, ya koma sayar da goro, dariya dai ba ta bar shi ba. Wanzami ya rayu ya tsufa ƙwarai, kuma har ya koma ga Allah shina faɗa wa masu zuwa aski cewa shi ya warkar da Malam daga ciwo biyu. Taubashiyata tana nan da ranta, haƙori ya ƙare, baki bai ƙare ba, jiya ma ta aiko a ce mani marowaciya. Ni kuwa ga ni gabanku. Nan tawa ta tsaya, ku karɓi kunnuwanku.